Awon Iska Kafin Kafa Fanka: Zaɓen Mataskacin Awo Don Injin Fanka Ƙirar Gida a Garin Potiskum

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin iska, kuma ya raɗa wa kowane irinta suna. Ya san iskar hunturu mai kawo hazo da faso, ya san hucin bazara, ya san guguwa, ya kuma san iskar da ke share wa hadari hanya. Abin da waɗannan kalmomi ke bayyanawa shi ne lokacin iskar da kamanninta da irin ɓarnar da take yi. Babu ɗaya daga cikinsu da ke faɗin gudunta da lamba. Muddin ana maganar shiƙar hatsi ne ko ɗaurin jinka, wannan sani ya wadatar. Amma ranar da aka ce iska ta samar da wutar lantarki, to dole ne a koma ga awo.

Abin da ya jawo rubuta wannan maƙala shi ne wata gardama da ta auku a gabana a garin Potiskum, inda aikin koyarwa ya kawo ni daga Katsina. Wasu maƙwabtana biyu, mai walda da mai gyaran wayarin mota, sun haɗa gwiwa suka ƙera fanka mai fukafukai uku, suka ɗaura mata altanetar mota, suka kafa ta a kan bututun ƙarfe, da nufin cika batir don fitilun shagunansu. Fanka ta yi ta juyawa har hunturu ya wuce, amma batir bai taɓa cika ba. Mai walda ya ce laifin altaneta ne, mai wayarin ya ce batirin ne ya mutu, ni kuwa na ce wataƙila iskar garin ce ba ta kai ba. Babu wanda ke da hujja a cikinmu, domin babu wanda ya auna kome. Kowane ɗaya daga cikin zarge-zargen nan uku yana da nasa magani, kuma kowane magani kuɗi ne. Wanda ya yi kuskuren gano cutar ya sayi maganin banza.

Manufar maƙalar ita ce ta bayyana na'urar da ke raba irin wannan gardama, da sharuɗɗan da ya kamata a bi wajen zaɓenta a wuri mai ƙura da zafi kamar Potiskum, sannan ta yi haka da Hausar da mai sana'a zai iya ɗauka ya yi aiki da ita.

2.0 Keɓaɓɓun Kalmomin da Aka Yi Amfani da Su

Potiskum gari ne na harsuna da yawa. Akwai Ngizim, wanda Russell Schuh ya wallafa ƙamusunsa a 1981, akwai Karai-karai da Bolanci da Fulatanci da Barbarci, amma Hausa ce harshen kasuwa da gareji da shagon walda. Saboda haka duk kalmar da ta zauna a Hausa ta kai ga kowa. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda aka buga a 1990, ya kula da fannonin harshe da adabi da koyarwa, don haka a fannin da muke magana a kai sai an yi ƙirƙira. Ga kalmomi huɗu da za a yi ta cin karo da su:

(a) Injin fanka: injin da iska ke juya fukafukansa ya samar da lantarki. An guje wa “injin iska” ne domin a bakin masu faci wannan suna ne na injin da ke ba taya iska.

(b) Ma'aunin iska: ƙananan kofuna uku a kan sanda, waɗanda ke juyawa gwargwadon gudun iska. Thomas Romney Robinson ne ya ƙago shi a Armagh ta ƙasar Ailan a 1846 da kofuna huɗu, daga baya aka koma ga uku.

(c) Manunin iska: ɗan ƙarfe mai jela da ke nuna kusurwar da iska ta fito.

(d) Mataskacin awo: na'urar da ke karɓar awo daga ma'aunai, ta rubuta shi tare da ranarsa da lokacinsa, ta ajiye ba tare da mutum ya tsaya a kanta ba. An gina kalmar daga aikatau “taskace” bisa tsarin sunan kayan aiki na ma-…-i, kamar mabuɗi da magirbi da matsefi. Jam'inta shi ne mataskatai.

Za a riƙa faɗin gudun iska da mita a daƙiƙa, wato sakan. Mita 5 a daƙiƙa daidai yake da kilomita 18 a sa'a, kusan gudun mai keke.

3.0 Abin da Aka Sani Game da Iskar Potiskum

Potiskum tana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, kimanin kilomita 100 yamma da Damaturu, a bisa tudun da ya ɗara mita 400 kaɗan daga doron teku. Iskoki biyu ne ke raba shekararta. Da rani iska na fitowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar Sahara, musamman ta kwarin Bodele da ke ƙasar Cadi. Da damina kuwa sai ta juya ta riƙa fitowa daga kudu maso yamma, ɗauke da laimar teku. A tsakanin nan, musamman farkon damina da ƙarshenta, hadari kan taso daga gabas da iska mai ƙarfi wadda ba ta daɗewa amma takan kware rufi.

Garin yana da tashar kula da yanayi, kuma masana sun yi nazarin bayananta. A 1987 zuwa 2007, wato shekara 21, an tara matsakaicin gudun iska na kowane wata a tsayin mita 10, kuma a 2011 Fagbenle da abokan aikinsa suka buga nazarinsu a kan Potiskum da Maiduguri a mujallar Renewable Energy. Sun sami matsakaicin wata-wata na Potiskum tsakanin mita 3.90 da 5.85 a daƙiƙa, inda na rani ya kama 4.46, na damina kuma 5.16. Wannan sakamako ya saɓa wa zaton mutane da yawa, waɗanda ke ɗaukar hunturu a matsayin lokacin da iska ta fi ƙarfi, saboda a lokacin ne suka fi jin ta a jikinsu.

Mai karatu na iya tambaya: tun da akwai waɗannan alƙaluma, mene ne kuma amfanin sabon awo? Amsa tana cikin yadda ƙarfin iska ke ƙaruwa.

4.0 Dalilin da Ya Sa Matsakaicin Wata Bai Wadatar Ba

Ƙarfin da ke cikin iska ya dogara ga abubuwa uku: faɗin da'irar da fukafukai ke sharewa, da nauyin iskar, da gudunta. Na ukun ya fi sauran tasiri, domin ana ninka gudun ne da kansa har sau uku. Gudun mita 4 yana ba da 4×4×4, wato 64. Gudun mita 8 kuwa yana ba da 8×8×8, wato 512. Ke nan idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfi ya ninka sau takwas.

Alal misali, a ɗauki unguwanni biyu. A ta farko iska na kaɗawa da gudun mita 4 dare da rana. A ta biyu tana kaɗawa da gudun mita 8 na sa'a 12, sannan ta kwanta ɗif na sa'a 12. Matsakaicin kowace unguwa mita 4 ne, amma ƙarfin da ya ratsa ta farko 64 ne, na ta biyu kuma rabin 512, wato 256. Alƙalami ɗaya ne a takarda, amma wutar da za a samu ta bambanta har ninki huɗu. Haka kuma kuskuren kashi 10 cikin ɗari wajen awon gudu yana zama kuskuren kashi 33 cikin ɗari wajen lissafin ƙarfi.

Nauyin iska ma yana canjawa. Littattafai kan yi lissafi da kilo 1.225 a kowace mita mai kusurwa shida daidai, wanda awo ne na bakin teku a zafin digiri 15 a ma'aunin Salshiyas. A Potiskum, da tsakar ranar Afrilu, zafi na kai digiri 40, kuma a wannan zafi da wannan tudu nauyin yana sauka zuwa kimanin 1.07, wato ragin kusan kashi 12 cikin ɗari.

Bugu da ƙari, babu injin da ke iya kwashe dukan ƙarfin iskar da ta ratsa shi. Albert Betz, masani Bajamushe, ya nuna tun wajen 1920 cewa iyakar abin da za a iya samu shi ne kashi 59 cikin ɗari, kuma injin ƙirar gida mai kyau yakan tsaya ne a wajen kashi 30. Idan aka ɗauki fanka mai faɗin mita 2.4, irin wadda Hugh Piggott na Scoraig a Sikotilan ya shahara da koyar da ƙera ta, aka yi lissafi da nauyin iska 1.1, za a ga tana ba da kimanin wat 48 a gudun mita 4, da wat 93 a gudun mita 5, da wat 380 a gudun mita 8. Tsakanin mita 4 da mita 5 ke nan akwai kusan ninki biyu, kuma a daidai wannan tsakanin ne alƙaluman Potiskum suka faɗa. Inda iska ke da yawa ƙwarai, ko inda babu ita sam, ido ma ya isa ya yanke hukunci. A wuri irin namu, mita ɗaya ce ke raba riba da hasara.

Daɗin daɗawa, awon tasha awo ne na filin tasha. Iskar da ta ratsa cikin gari ta yi karo da gine-gine da itatuwan dalbejiya, waɗanda ake kira maina a wannan yanki, sai ta rage gudu ta kuma rikice. Don haka abin da mai fanka ke bukata shi ne awon wurin da zai kafa ta, a tsayin da zai kafa ta.

5.0 Abubuwan da Za a Auna

Kafin a zaɓi mataskaci sai an san yawan ma'aunan da za a jona masa, domin kowane mataskaci yana da iyakar ƙofofin da yake karɓar awo ta cikinsu. Idan ba a riga an ƙera injin ba, abubuwa uku sun isa: gudun iska, da kusurwarta, da zafin gari. Idan kuwa injin na tsaye, sai a ƙara uku: bolt ɗin batir, da amfiyar da ke shiga cikinsa, da yawan juyin fanka a minti. Bolt idan aka ninka shi da amfiya shi ke ba da wat.

Waɗannan shida su ne ke raba gardamar maƙwabtana. Idan ma'auni ya nuna iska ba ta cika wuce mita 3 ba, laifin wuri ne. Idan iska ta kai, fanka na gudu, amma amfiya ba ta motsa ba, laifin janareto ne. Altanetar mota an yi ta ne don injin mota. Ba ta fara caji sai ta kai juyi wajen 1,000 a minti, kuma tana cin wuta daga batir don ta haifar da maganaɗisun kanta, alhali fanka mai faɗin mita biyu da ɗoriya juyi ɗaruruwa kawai take yi. Wannan ne ya sa masu ƙirar gida suka koma ga janareto mai maganaɗisu na dindindin. Idan kuma amfiya na shiga, bolt ya hau da sauri ya sauka da sauri, to batirin ne ya gaji.

Awon juyi ba ya bukatar wani ma'auni na dabam a irin wannan janareto, domin wutar da ke fitowa daga cikinsa tana kai da komo gwargwadon juyinsa. Janareto mai maganaɗisu 12 a faifai yana yin zagaye 6 na wuta a kowane juyi guda. Idan mataskaci ya ƙirga zagaye 30 a daƙiƙa, fanka na juyi 300 a minti ke nan.

6.0 Sharuɗɗan Zaɓen Mataskaci

6.1 Yawan ɗaukar awo. Ƙa'idar Hukumar Yanayi ta Duniya ita ce a auna iska a tsayin mita 10, a fitar da matsakaicin minti 10, a kuma ɗauki bugun iska mafi ƙarfi na daƙiƙa 3. Ƙa'idar gwajin injunan fanka mai lamba IEC 61400-12-1 ta nemi a ɗauki awo aƙalla sau ɗaya a daƙiƙa, a taƙaita shi duk minti 10, ko duk minti ɗaya ga ƙananan injuna. Mataskacin da ke farkawa sau ɗaya a minti 10 ya leƙa iska ya koma barci bai cika wannan sharaɗi ba, ko da takardarsa ta ce yana rubutu duk minti 10. Wanda ake so shi ne mai ƙirga ba tsayawa, sannan ya rubuta matsakaici, da mafi girma, da mafi ƙanƙanta, da gwargwadon yadda awon ya warwatsu. Mafi girma shi ke faɗa wa mai walda irin kaurin bututu da igiyoyin da za su jure iskar hadari. Warwatsuwa kuwa ita ke nuna ko itatuwa na rikita iskar.

6.2 Agogo. Awon da ba shi da lokaci ba shi da amfani, domin ba za a san ko iskar dare ce ko ta rana ba, balle a gwada shi da na tasha. Wajibi ne mataskaci ya kasance da agogo mai ɗan batirinsa na kansa, wanda ba ya komawa farko idan wuta ta yanke. Ɗan agogon nan mai suna DS3231 kuskurensa bai wuce kimanin minti ɗaya a shekara ba.

6.3 Ma'ajiya da siffar rubutu. Rubutu duk minti 10 yana ba da layi 144 a rana, 52,560 a shekara; duk minti ɗaya kuwa layi 525,600. Ko wannan na biyun bai wuce megabait 60 ba, don haka ƙaramin katin memori ya isa. Abin lura shi ne siffar rubutun. Wasu mataskatai na rubutu ne da siffar da sai manhajar kamfaninsu ke iya buɗewa. Wanda ya fi dacewa shi ne mai rubuta lambobi zalla, waƙafi na raba su, yadda kowace kwamfuta ko wayar hannu za ta karanta.

6.4 Cin wuta. Bai kamata a jona mataskaci ga batirin da ake gwadawa ba, domin ranar da batirin ya mutu, ranar da aka fi bukatar shaida, sai shaidan ma ya mutu tare da shi. A ba shi ƙaramin batir da ɗan faifan sola nasa. Daga nan cin wutarsa ya zama abin dubawa: na'urar da ke cin wat 3 tana shanye wat 72 na sa'a a kwana guda, abin da fankar da muka yi misali da ita sai ta yi sa'a ɗaya da rabi tana aiki a gudun mita 4 kafin ta biya.

6.5 Ƙura da zafi da tsawa. Akwatin mataskaci ya kasance mai lambar IP65 ko sama da haka. Lamba 6 na nufin ƙura ba ta shiga, lamba 5 na nufin feshin ruwa ba ya shiga. A sa shi a inuwa, domin akwatin ƙarfe a rana yakan fi iskar waje zafi nesa ba kusa ba, kuma zafi na rage kwanan batir. A binne sandar tagulla a ƙasa a haɗa ta da bututun, domin dogon ƙarfe a fili abokin tsawa ne, kuma doguwar wayar ma'auni na iya kawo wa mataskaci wutar da za ta ƙone shi ko da tsawar ba ta faɗa kansa ba.

6.6 Amincin injin. Fanka idan aka raba ta da batir alhali iska na kaɗawa, sai ta yi gudun da ya wuce kima har fukafukai su karye. Saboda haka ma'aunin amfiya da za a sa a kan hanyar wutar ya fi ƙarfin mafi girman amfiyar da injin zai iya fitarwa, ko kuma a zaɓi irin wanda waya ke ratsa tsakiyarsa ba tare da an yanke ta ba.

6.7 Gyara da harshe. Na'urar da in ta lalace sai an aika da ita ƙasar waje ta fi ƙarfin mai shago. Haka nan wadda mai ita ba ya iya karanta abin da ta rubuta, kullum yana hannun wani.

7.0 Rukunan Mataskatai Uku

Rukuni na farko shi ne na ƙwararru, irin Symphonie na kamfanin NRG Systems, da mataskatan kamfanin Campbell Scientific, dukansu na Amurka. Waɗannan sun cika kusan dukan sharuɗɗan fasaha da aka lissafa, kuma irinsu ake amfani da su kafin a zuba jari a babban aiki, kamar gonar iska ta Lambar Rimi a Jihar Katsina, mai injuna 37 na kamfanin Vergnet na Faransa, kowanne kilowat 275, jimilla kimanin megawat 10. Sai dai kuɗin irin wannan mataskaci tare da ma'aunansa na iya fin kuɗin fankar ƙirar gida gaba ɗayanta. Ya dace da jami'a ko kwaleji, wadda za ta iya kafa guda ɗaya ya zama mizanin da sauran jama'a za su gwada nasu da shi.

Rukuni na biyu shi ne na tsaka-tsaki: mataskatan HOBO na kamfanin Onset, da ƙananan tashoshin yanayi na gida da ake sayarwa a haɗe. Suna da sauƙin kafawa kuma ba su cin wuta. A nan ne ya kamata mai saye ya tsananta tambaya a kan sharaɗi na 6.1 da na 6.3, domin tashoshin gida masu araha da yawa ba su ajiye tarihi mai tsawo sai an haɗa su da intanet, kuma mafi yawansu ba su da ƙofar bolt da amfiya.

Rukuni na uku shi ne na haɗin hannu, wanda ake ginawa a kan allon Arduino, da aka fara yi a Ivrea ta Italiya a 2005, ko a kan Raspberry Pi, da ya fito a Ingila a 2012. Raspberry Pi cikakkiyar kwamfuta ce, tana cin wat 2 zuwa 3 ko fiye, kuma katinta na iya lalacewa idan wuta ta yanke ba shiri. Arduino Uno kuwa kimanin rubu'in wat yake ci, yana raba awon bolt gida 1,024, wanda a kan zangon bolt 30 ya ba da kimanin 0.03 a kowane mataki, kuma wannan ya isa bin lafiyar batir. Idan aka ƙara masa agogo da gurbin katin memori da ma'aunin amfiya, ya zama mataskaci. Rauninsa shi ne ingancinsa ya rataya ga wanda ya haɗa shi ya kuma rubuta masa umarni. Ƙarfinsa shi ne mai gyaran waya ko rediyo na iya canja duk abin da ya ƙone a cikinsa, kuma ana iya sa shi ya rubuta kanun awonsa da Hausa: rana, lokaci, gudu, kusurwa, zafi, juyi. Ƙananan allunan nuni da ake haɗa shi da su ba su zo da baƙaƙe masu lanƙwasa ba, amma suna ba da damar zana sababbin haruffa takwas, wanda ya ishi ɓ da ɗ da ƙ, manya da ƙanana.

Idan aka auna waɗannan rukunai da sharuɗɗan da suka gabata, shawarar wannan maƙala ga mai ƙirar gida a Potiskum ita ce ya ɗauki rukuni na uku, amma ya zuba mafi yawan kuɗinsa a kan ma'aunin iska mai inganci. Mataskaci marubuci ne kawai, abin da aka faɗa masa shi yake rubutawa. Idan ma'auni ya yi ƙarya, zai taskace ƙaryar da kwanan wata. A wannan gaɓa ce araha ba ta ado.

8.0 Kafawa da Gwaji

Ƙa'idar da masu ƙananan injuna ke bi ita ce fanka ta ɗara duk wani gini ko itace da ke cikin mita 150 da kimanin mita 9 ko 10, kuma a wannan tsayi za a sa ma'auni. A fili mai sarari, hawa daga mita 10 zuwa mita 20 yana ƙara gudu da kimanin kashi 10 cikin ɗari, wato kusan sulusin ƙarfi. Idan injin na tsaye, a sa ma'auni a kan sanda ta dabam, daidai da tsayin cibiyar fanka, nesa da ita da ninki biyu zuwa huɗu na faɗinta, ta ɓangaren da iska ta fi fitowa. Tun da iskar Potiskum na juyawa tsakanin rani da damina, manunin iska ne zai nuna layukan da aka rubuta sa'ad da ma'auni ke bayan fanka, don a ware su.

Ana iya gwada ma'auni ba tare da ɗakin gwaji ba. Da asuba, sa'ad da iska ta kwanta, a ɗaura shi a kan doguwar sanda bisa mota, a bi miƙaƙƙiyar hanya da gudun kilomita 18, sannan 36 a sa'a, wato mita 5 da mita 10 a daƙiƙa, ana duba gudun da wayar hannu. A yi tafi da dawowa a ɗauki matsakaici, don a soke tasirin 'yar iskar da ta rage. A maimaita wannan gwaji bayan hunturu, domin ƙura na shiga boris ta sa kofuna su yi nauyin tashi, sai awo ya riƙa raguwa a hankali ba a sani ba.

A riƙa cire katin memori duk mako biyu ana kwafe shi, a kuma ajiye littafi a rubuta ranar da aka taɓa wani abu, ko aka yi hadari, ko tsuntsu ya yi sheƙa a kan sanda. Mafi ƙarancin wa'adin awo shi ne shekara guda cur, don a ratsa hunturu da bazara da damina da kaka. Daga nan sai a gwada matsakaicin kowane wata da alƙaluman tasha na shekaru masu yawa, a ga ko shekarar da aka auna ta saba ce ko baƙuwa.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa iskar Potiskum tana kan iyakar da mita ɗaya a daƙiƙa ke ninka wuta ko ta raba ta biyu, don haka matsakaicin wata da jin jiki ba su isa a kafa injin fanka a kansu ba. Ta kawo abubuwa shida da za a auna, da sharuɗɗa bakwai na zaɓen mataskaci, da rukunai uku da ake samu, ta kuma fifita mataskacin haɗin hannu tare da ma'auni mai inganci. Ta gabatar da kalmomi huɗu, waɗanda ake fatan masana za su tattauna a kansu, su gyara ko su kawo waɗanda suka fi su. Hukuncin ƙarshe dai na masu walda ne da masu wayarin, domin kalmar da ba ta zauna a bakinsu ba, ba ta zauna ba.

Game da gardamar da aka fara da ita, ƙirgar juyi ta nuna fankar ba ta ko kusanci gudun da altaneta ke bukata ba, saboda haka mai walda ya fi mu kusa da gaskiya. Zargina a kan iskar garin kuwa yana nan a rataye. An sauke fankar an jingine, an kafa ma'auni a gurbinta, kuma sai damina ta zagayo za a san ko za a sayi maganaɗisu a sake naɗa janareto, ko kuwa kuɗin ya tafi ga faifan sola.